Lamba Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Yantala,
fanka na juya zafin da ita ma ta gaji da shi.
Ni da na'ura biyu muke gadin shafin jarida:
ɗaya na huci ƙarƙashin teburina,
ɗaya na Tawa, ban taɓa ganin fuskarta ba.

Ga irin zaman da suke yi:
duk abin da aka taɓa a nan,
ko waƙafi aka gyara, ko hoto aka sauya,
sai ta nan ta ce, an yi abu,
ta buga masa lamba, ta tsayar da shi a layi.
Ta can, in hanya ta buɗe, sai ta miƙo hannu,
ɗaya bayan ɗaya,
ba ta karɓar na baya kafin na gaba.

Tun la'asar rezo ya yanke.
An ce waya ce ta tsinke wajen Dogon Dutsi,
an ce ba haka ba ne.
Layi dai na ƙara tsawo
kamar na famfon Bukoki ranar da ruwa ya yi yaji,
bokiti bayan bokiti,
masu su sun tafi, sun bar dutse a ciki.

Talatin da tara: buhun albasa ya sauka a Galmi.
Arba'in: an gyara sunan ɗan kokawar da aka kayar.
Arba'in da ɗaya, Habsu ce ta buga da magariba:
Allah ya yi wa Nomau dillalin albasa rasuwa.
Arba'in da biyu: a cire.
Minti shida tsakaninsu.
Ashe takwaransa ne na Badagishiri.
Namu yana tasha yana shan shayi,
shi da kansa ya kira yana faɗa.

A Yamai an riga an kashe shi, an tashe shi.
A Tawa bai mutu ba tukuna.
Mutuwarsa na tsaye a layi riƙe da lambarta,
rayuwarsa na bayanta, tana leƙe ta saman kafaɗa.

Na ɗora yatsa kan arba'in da ɗaya.
In na goge ta fa, wa zai sani?
Sai na tuna Tsahiru, wanda ya koya mini aikin nan
yana tauna goro bai ko dube ni ba:
kada ki zare zare daga tsakiyar saƙa.
Ta biyun za ta isa can ta ce a cire,
a ce mata, a cire me?
Ta tsaya neman gawar da ba a kawo ba,
na bayanta duka su tsaya,
har da sanarwar rigakafin yara ta ranar Talata.

Na janye hannu.
Na dafa shayi, na bar shi ya huce.

Biyu da minti goma, ƴar fitilar ta koma kore.
Suka fara wucewa kamar awaki a ƙofar garke.
Albasa ta sauka.
Ɗan kokawa ya karɓi sunansa.
Arba'in da ɗaya.
Ban yi numfashi ba.
Arba'in da biyu.

Ƙiftawar ido ɗaya Nomau ya yi a lahira,
ya dawo babu ko ƙasa a rigarsa.
Rajista ta ce mutum guda ne ke kan shafin a lokacin,
wani marar barci a Adar.
Ban san me ya gani ba.

Layi ya kwashe, hamsin da shida duk sun isa.
Sai na lura babu ko ɗaya
mai ɗauke da sunan wancan na Badagishiri,
wanda mutuwar tasa ce da gaske.
Na jawo kujera, na rubuta masa layi uku.
Na'ura ta ce, an yi abu.
Hamsin da bakwai.
Babu kowa a gabansa.